Yadda Kawu Ya Fito Rago a Silima

Mutane sukan tambaye ni a wace makaranta na koyi rubuta labarin fim. In na ce musu a kasuwar Bande, sai su yi dariya, suna tsammanin zolaya ce irin ta tsofaffi. Ba zolaya ba ce. Na rubuta labarai da dama bayan an sami mulkin kai, waɗansu an ɗauke su an nuna, waɗansu suna nan a akwati gara tana karanta su. Amma wanda ya mai da ni marubuci shi ne na farko, kuma a kan gyaɗa aka yi shi.

A shekarun ƙarshe na mulkin Nasara ne. Ina komi, wato ƙaramin magatakarda, a biro, ofishin noma na Magaria, mai kwafar takardu da yin tafinta idan manoma sun zo da magana. Na yi aure, ina da keke, ina da wandon kaki mai kari, kuma ina ji da kaina, don a ƙauyenmu ni kaɗai na gama lakwal, makarantar bokon Nasara. Ana nan sai aka turo mana wani Bafaranshe dogo mai jan wuya, da akwatin ɗaukar hoto mai motsi. Aikinsa ya yi fim da zai koya wa manoma su daina cinye irin gyaɗa kafin damina, su barbaɗa masa garin magani, su kuma shuka a layi. Fim ɗin ba shi da murya. Za a riƙa yawo da shi kasuwa-kasuwa a kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, wani ya tsaya da lasifika yana ba da labarin da Hausa.

"Manomi biyu nake so," in ji Nasaran, "ɗaya mai hankali, ɗaya rago. Kai ka san mutanen nan. Rubuta mini abin da kowannensu zai yi, tun daga saukar ruwa har kaka."

Ban taɓa rubuta komai ba sai wasiƙun biro, amma ko gezau ban yi ba. Mai hankalin bai ba ni wuya ba, bai kuma ba ni daɗi ba, don mutumin kirki a labari tuwo ne ba miya: ya tashi, ya yi aiki, ya kwanta. Ragon ne na zauna na ƙera shi da kyau. Na sa shi yana soya irin gyaɗarsa da rani yana watsawa a baki, yana kallon masu wucewa. Na sa ruwan farko ya same shi ya zura kai cikin rumbu yana lalube, ƙafafunsa suna reto a waje. Na sa ya watsa ɗan abin da ya samu ba layi ba tsari, ya je gindin itace ya miƙe, ciyawa tana tsiro har tana shafa masa kunne. Ina rubutawa ina dariya ni kaɗai. Da Nasaran ya karanta ya buga tebur, ya ce abin da yake nema ke nan. Ya ce a ƙauyenmu za a ɗauka, tunda ni ɗan can ne.

Ƙauyenmu yana kusa da Bande, kuma a can kawuna yake, yayan mahaifiyata, wanda ya rene ni bayan rasuwar mahaifina. Kawu ba shi da sarauta, ba shi da karatu mai zurfi, ba shi da shanu. Abin da yake da shi suna ne a gona. In an kira gayya shi ake ba kunyar farko ya nome, kuma makaɗin gangar noma yana da taken da ba ya kaɗa wa kowa sai shi. Gonarsa tana bakin hanyar kasuwa, da waɗansu gawo biyu a tsakiyarta da suka tashi manne da juna, ana ce musu tagwaye. Duk mai zuwa cin kasuwar Bande daga gabas sai ya ratsa ta gefenta, kuma da wuya ya wuce bai rage sauri ya duba ba. Ko rumbunansa ana gane su daga nesa, don yana da wani irin ƙulli da yake yi wa tukkun jinka wanda ba mai yin irinsa.

Maigari ya tara magidanta a ƙofar gidansa bayan la'asar, na tsaya na yi bayani. Da na zo kan mai hankali kowa ya gyara zama, har da waɗanda na san rabonsu da cika rumbu tun ina yaro. Da na zo kan rago kuwa, kowa ya sami abin kallo a tafin ƙafarsa.

Ba wauta ce ta sa su haka ba. Shekarun baya an taɓa kawo majigi daga ƙasar Ingilishi zuwa wata kasuwa ta bakin iyaka, inda wani mutum ya fito ɓarawon akuya. Da yawa sun san shi, yana da dangi a wajenmu. Tun daga ranar, in ya zauna a kasuwa sai ka ga mai akuya ya ja igiyarsa ya matsa. Kowa ya san wasa ne. Amma sai su ce ai gwamnati ba ta rasa mutane ba, me ta gani a jikinsa ta zaɓe shi? Wannan tambayar ce ta bi mutumin har ya daina zuwa.

Maigari ya dube ni ya ce, "Wa ya rubuta ragon nan?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"To, kai ka kawo shi garin nan, a gidanku zai sauka."

Na ce to ni zan yi. Ya girgiza kai. "Kai da wandon kaki? Kai ba ka da sunan da za ka ɓata a gona, ba wanda zai yarda. Manomi Nasaran ya ce a ba shi." A gidanmu kuwa ba wani magidanci sai kawu. Yana zaune a gefe, hannayensa bisa gwiwa. Bai ɗaga kai ba ya ce, "Na ɗauka."

Da muka koma gida na same shi a gindin rumbu yana gyaran ƙotar hauya. Na ce, "Kawu, bari in koma in ce an rasa mutum."

"Ka koma ka ce garinku ya ƙi? Su kore ka, su sa wa maigari ido? Ni na kai ka lakwal da ƙafata. Abin da lakwal ta haifa ni zan goya." Ya ci gaba da feƙe itacen, sannan ya ce, "Sai dai ka sani, ranar da aka nuna abin nan makaɗi ya gama kaɗa mini take. Ko ya kaɗa, dariya za a yi."

Maganar ta soke ni. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushin maigari ƙwarai, don ya san abin da ya yi. Amma ban yi nadamar ragona ba. Rago ne mai kyau, kuma labarin ba zai tsaya ba sai da shi. Na gwada Nasaran ko zai yarda a sauya, a ce ragon ya tuba a ƙarshe, ko a ce mafarki ne. Ya saurare ni da kyau, ya ce a'a. Ya ce mutum yana kallo a tsaye cikin hayaniya, in labari ya cika kwana-kwana darasin zai ɓace. Gaskiyarsa ce, kuma da ni ne shi haka zan ce. Ya dafa kafaɗata ya ce in gaya wa tsohon wasa ne kawai.

Ina komowa a kan keke, na iso daidai tagwayen gawo, na sauka. Gyaɗar kawu ta rufe ƙasa, layi-layi, tun kafin wani Nasara ya zo koya masa layi. Sai na tuna yadda mutanenmu suke kallon silima, don na sha tsayawa cikinsu a Magaria. Ba fuskar mutum suke fara kallo ba. Ana can ana faɗa a kan ƙyalle, su kuwa suna gardamar ko dokin nan yana samun harawa, ko wane gwani ne ya yi wannan yaɓen, ko ƙasar can za ta yi dawa. Abin da mai ɗaukar hoto ya ɗauka bango ne kawai a bayan labari, su shi suke karantawa da farko. Nasaran yana bukatar gona mai kyau da gona mai ciyawa, rumbu cikakke da rumbu rusasshe, kuma bai damu da na wa ba ne. Zaɓen wuri ya bar mini shi. Kafin in sake hawa keken na san abin da zan yi.

Kawu yana da taubashi, ɗan gwaggonsa, sa'ansa ne. Tsakanin taubasai a wajenmu ba a fushi. Kowanne yana kiran ɗan'uwansa bawansa, su zagi juna a gaban jama'a, su kwashe wa juna takalma a ƙofar masallaci, kuma wanda ya ɓata rai shi ne ya ji kunya. Wannan taubashin ɗan koli ne, mai allura da madubi da turare, ba kasuwar da ba a san bakinsa ba daga Bande zuwa Sassumbrum zuwa Guci. Kyakkyawa ne, mai faɗin ƙirji, mai son a kalle shi. Gonarsa kuwa sai dai addu'a. Yana shuka ta don kada a ce bai shuka ba, ya tafi yawon kasuwa ya bar ta da ƙuduji da ƙarangiya. A tsakiyarta akwai wata kanya da aradu ta tsaga gida biyu, yara ma sun san ta.

Na kai shi gaban Nasaran na ce ga manomi mai hankali. Nasaran ya ga ƙirji, ya ga murmushi, ya ga mutumin da ba ya tsoron akwatin hoto, ya ce ya yi. Taubashin kuwa bakinsa har kunne. Da na ce masa a gonarsa za mu kwantar da ragon, ya fashe da dariya. "Ku kwantar da bawana a can, Mushe komi, ko banza ya yi mini gadi!" Mushe da ya ce mini, malam ke nan a bakin Nasara. Bai tsaya ya yi tunanin komai ba, hankalinsa yana kan rigar da zai aro.

Muka fara ɗauka a tsakiyar damina. Taubashi ya shiga gonar kawu da hauya a kafaɗa yana taku ɗai-ɗai, ya duƙa ya yi sara kaɗan, tafin hannunsa ya yi bororo, muka tsaya aka shafa masa man shanu. Ni kuwa ina manne da Nasaran. Duk sanda ya matso da akwatinsa kusa da fuska sai in ce, "Mushe, ja baya kaɗan, layin shukar zai fi fitowa." Ya ja baya, tagwayen gawo su shigo. Haka na yi masa a gindin kanya, na ce ciyawar za ta fi yawa a ido in an ɗauko daga nesa. Ban yi masa ƙarya ba ko sau ɗaya, layin ya fi fitowa, ciyawar ma ta fi yawa.

Kawu ya yi duk abin da aka ce. Ya soya gyaɗa ya ci, ya zura kai a rusasshen rumbun taubashinsa, ya miƙe a gindin kanya ya rufe fuska da hula. Bai yi gardama ba, bai kuma yi murmushi ba. Ranar da ya ga taubashi a tsaye cikin gonarsa yana nuna layin gyaɗa da yatsa kamar shi ya yi, sai ya kira ni gefe.

"Sunana kuka ɗauka, na ce to. Yanzu gonar ma kun ba shi?"

Na ce, "Kawu, mutane za su gane ta. Don su gane ta na yi haka."

"Hoton ne zai gaya musu, ko kai?"

"Su za su gaya wa kansu."

Ya dube ni kallon da yake yi wa jakin da ya ƙi tafiya, ya juya. Bai taɓa ganin silima ba, a ganinsa ɓata barci ne, don haka ba yadda zan sa ya hango abin da nake hangowa. Ban kuma iya ɗaga murya in yi dogon bayani ba, kada taubashin ya farga ya tuɓe rigar aro ya gudu.

Da kaka Nasaran ya dawo ya ɗauki cirar gyaɗa da rumbuna, taubashi yana shafa cikin rumbun kawu yana gyaɗa kai, tukkun jinkar nan a samansa. Daga nan aka tafi da fim wani babban birni mai nisa don a wanke a harhaɗa. Rani ya shiga, ba labari.

Wannan jiran ya yi wa kawu tsawo. Tun ba a ga komai ba maganar ta bazu cewa gwamnati ta zaɓi wane a matsayin rago. Wanda zai ce masa sannu da aiki sai ya ce sannu da hutawa, yana danne dariya. Ya rage zuwa kasuwa. Aka kira shi gayyar jinka ya aika da uzuri, shi da ba ya jiran a kira shi sau biyu. In na zo daga Magaria na durƙusa na gaishe shi, "lafiya" kawai nake samu. Mahaifiyata ta tare ni a zaure ta ce, "Kai da karatunka, wanda ya ci da kai ka saka wa da wannan?" Na ce mata ta ba ni zuwa ranar da za a nuna. Ban taɓa shakkar mutanenmu ba. Abu guda nake tsoro, almakashin wani baƙo a can birni, kada ya ga itatuwa ba su da amfani ya datse su.

Fim ya iso da bazara, gab da saukar ruwa. A biro aka fara haska mana shi a bango don in daidaita maganata da hotuna. Da na ga tagwayen gawo sun fito tsaf, na sauke ajiyar zuciyar da har mai gadi ya waiwayo. Aka ce ranar kasuwar Bande za a fara.

Bayan sallar magariba aka ɗaure farin ƙyalle a jikin kamyo, aka ta da injin wuta. 'Yan kasuwa da suka saba kama hanya tun da rana suka ƙi tafiya, mutanen ƙauyuka suka zauna bisa buhunansu, mata suka tsaya a gefe da ƙoren kayansu. Taubashi ya shimfiɗa buzu a gaba, cikin rigar nan ta aro da har yanzu bai mayar ba. Ban zaci kawu zai zo ba, sai ga shi. Ya wuce ta gabana ya ce, "Gara a yi dariyar ina wurin." Ya je can baya ya tsuguna jikin wata rumfa.

Na riƙe lasifika, na ƙudura ba zan ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da Nasaran ya amince da shi ba. Haske ya faɗa kan ƙyalle. Ga gyaɗa layi-layi har ƙarshen gani, ga gawo biyu manne da juna, ga taubashi yana shigowa da hauya a kafaɗa. Na ce, "Ga manomi mai hankali ya shigo gonarsa."

Sai wata tsohuwa mai daddawa ta ɗaga murya daga gefen mata. "Gonarsa? Yaushe ya saye ta?"

Kasuwar ta ɗauka gaba ɗaya. "Tagwayen gawo ne!" "Ai mai koli ne, ku dubi yadda ya riƙe hauya, kamar zai auna yadi!" Wani ya ce a tambaye shi ko ya san inda gonar ta ƙare. Ni dai na ci gaba da karatuna da muryar biro, ba dariya, ina bayanin garin magani da faɗin layi, kuma kowace kalma ta yabo da na faɗa sai ta ƙara musu dariya, don sun san wanda ya cancance ta. Da aka nuna rumbuna, tun kafin in buɗe baki wani ya ce, "Ga ƙullin tukkunsa nan, ko makaho ya shafa ya sani."

Sannan hoto ya juya. Ga ciyawa har gwiwa, ga tsagaggiyar kanya, ga kawu a miƙe da hula a fuska. Na ce, "Ga rago yana barci a gonarsa." Wani Basassumbrume da ya zo sayar da awaki ya ce, "Kai, wannan kanyar ai ta mai koli ce, a nan na taɓa ɓatar da ɗan akuya kwana guda cikin ciyawa!" Mutane suna riƙe ciki, waɗansu suna dukan ƙasa.

Abin da ya biyo baya ba ni na rubuta shi ba, kuma ko da ake ɗauka ban lura ba. Kawu yana kwance a matsayin mai barci, sai hannunsa na dama ya fara motsi shi kaɗai. Ya lalubi ƙasa, ya kama wani ƙuduji da ke kusa, ya tuge shi har saiwa, ya karkaɗe, ya jefar. Ya sake lalubo wani. Fuska a rufe, jiki a sake, hannun kuwa ya kasa haƙuri da ciyawa ko a gonar wani. Dariyar ta tsaya. Wani dattijo ya ce, "Ku dubi hannun nan. Ko an ce ya yi barci ba ya iyawa." A lokacin ne na ji ganga daga can cikin jama'a. Makaɗin noma ya zo cin kasuwa da gangarsa a rataye, kuma ba wanda ya roƙe shi. Taken kawu yake kaɗawa. Mata suka saki guɗa, na sauke lasifikar don ba mai jin abin da nake faɗa.

Taubashi ya miƙe tsaye, inuwarsa ta rufe rabin ƙyallen. Ya juyo yana nuna ni da yatsa. "Ɗan nan ka cuce ni! Ka sa na aro riga don a yi mini tsirara!" Yana faɗa yana dariya, don ba shi da wata hanya, taubashi ne. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "To, ku tsaya! Gonar bawana ba tawa ba ce?"

Daga can baya, jikin rumfa, muryar da na yi wata da watanni ban ji ta a sake ba ta amsa. "Taka ce. In ruwa ya sauka ka zo ka nome ta, in zauna in kalle ka."

Nasaran ya matso ya tambaye ni me ya sa suke dariya a inda ba na dariya ba. Na gaya masa duka. Shi ma ya yi dariya, ya ce in dai za su tuna da garin magani, su yi ta yi. Sun kuwa tuna, don a shekarar duk wanda ya zo biro neman garin sai ya ce a ba shi irin wanda mai koli ya barbaɗa a gonar da ba tasa ba.

A ranar na koyi sana'ata. Wanda ya ba ka aiki yana da abin da yake so a gani, kuma haƙƙinsa ne ka ba shi cikakke. Masu zama a ƙasa suna kallo kuwa suna da nasu idon, kuma da shi za su yanke hukunci. Tun daga nan ban taɓa rubuta abin da mutum zai yi a fim ba sai na fara sanin a kan wace ƙasa zai tsaya, da wanda zai gane ta. Na kuma koyi barin ɗan fili a cikin labari, saboda hannu irin na kawu.

Washegari da safe na same shi a gona yana sassabe, yana tara karan bara. Na gaishe shi, ya amsa gaisuwar har ƙarshenta, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Ya jingina da ɗaya daga cikin gawon, ya daɗe yana kallon filin.

"Ashe daga nesa haka take," in ji shi. "Ni kullum a duƙe nake ganinta."

Na ce haka take.

"Abin nan naku, yana ruɓewa?"

"In an adana shi, Kawu, zai fi mu daɗewa."

Ya gyaɗa kai. "A Guci da Dungass akwai waɗanda ba su san gawon nan ba."

"Akwai."

"To, in an zo wurin, ka gaya musu ta wa ce."

Wannan ba ya cikin takardar da aka amince da ita, amma na ƙara shi, ban nemi izinin kowa ba. Duk kasuwar da kamyo ya tsaya, da zarar gawo biyu sun fito, sai in ce ga manomi mai hankali ya shigo gona, gonar kuwa ta kawuna ce, wancan da za ku gani a kwance. Mun yi shekaru muna yawo da fim ɗin har ya fara kodewa, kuma mutane suka haddace maganar, yara suna riga ni faɗa.

Kawu ya rasu da wata kaka, bayan ya shigar da amfanin gonarsa. Bazarar da ta biyo baya aka ce a sake zagayawa da fim ɗin kafin shuka, muka tsaya a Guci. Na riƙe lasifika kamar kullum. Haske ya faɗa kan ƙyalle, gyaɗa ta fito layi-layi, gawo biyu suka tsaya manne da juna. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Hoton yana ta tafiya ba mai magana.

Sai wani daga cikin jama'a, mutumin da ban sani ba, ya ce, "Gonar kawunsa ce." Waɗanda ke kusa da shi suka ce Allah ya jiƙansa, sauran kasuwar ta amsa da amin. Na goge fuskata da hannun riga, na ci gaba da bayanin garin magani.